Yaran da Kyamara Ta Bi: Fashin Baƙi Kan Fina-finan Kangararrun Matasan Birni

A shekarar 1995 aka saki wani fim a Amurka mai suna Kids, kuma har gobe idan ana zancen fina-finan da ke nuna lalacewar matasan birni, da shi ake fara buga misali. Labarin gaba ɗaya bai wuce na yini guda da dare guda ba, a birnin Niyok, cikin zafin rani. Wani saurayi mai suna Telly ba shi da abin tinƙaho a duniya sai yaudarar ƙananan 'yan mata waɗanda ba su taɓa sanin namiji ba, don a lissafinsa su ne ba sa ɗauke da cuta. Bai san cewa shi ne yake yawo da ita ba. Ɗaya daga cikin waɗanda ya yaudara, Jennie, ta raka ƙawarta gwajin jini, ita ma aka ɗebi nata. Ƙawar da ta sha yawo ta fito ƙalau, ita kuwa Jennie, da ba ta taɓa sanin kowa ba sai Telly, aka ce tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Daga nan ta shiga gari nemansa kafin ya kai ga wata yarinyar. Shi yana can da abokansa, su yi sata a kanti, su sha wiwi, su yi wa wani mutum taron dangi a dandalin Washington Square har su bar shi kwance ba su san ko da sauran numfashi ba. Ta same shi, amma a makare. Kafin gari ya waye abokinsa Casper ya yi mata fyaɗe tana cikin maye. Fim ɗin ya ƙare da Casper ya farka yana tambayar abin da ya faru. Babu ɗan sanda, babu alƙali, babu wanda ya yi nadama.

Wanda ya ba da umarnin fim ɗin, Larry Clark, mai ɗaukar hoto ne da ya yi suna tun 1971 da littafinsa Tulsa, inda ya ɗauki abokansa suna yi wa kansu allurar ƙwaya. Labarin kuwa Harmony Korine ne ya rubuta, yana da shekara goma sha tara. Hukumar da ke sa wa fina-finai alamar shekaru a Amurka ta ba shi NC-17, wato ba a yarda ƙananan yara su shiga kallo ba ko da iyayensu sun rako su. Kamfanin Miramax ya sayi fim ɗin, amma uwar kamfaninsa ta wancan lokacin, Disney, ba ta sakin fim mai irin wannan alama, sai masu Miramax suka kafa wani ɗan kamfani na daban, Shining Excalibur, don kawai su fitar da shi ba tare da alama ba. An kashe kimanin dala miliyan 1.5 wajen yin sa, ya kawo kusan miliyan 20. Masu sharhi suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ƙararrawa ce ta farkar da iyaye, wasu suka ce batsa ce da ƙananan yara aka lulluɓe da rigar gargaɗi.

Wannan gardama ba da Kids ta fara ba, ba kuma da shi ta ƙare ba. Abin da nake so a gane shi ne, fina-finan da ake tarawa a kwando ɗaya saboda duk suna tayar da hankali ba iri ɗaya ba ne, kuma girgizar da fim ya yi wa mai kallo ba ita ce shaidar cewa gaskiya ya faɗa ba.

A koma baya tukuna. A Amurka akwai ƙa'idar tace fina-finai da ake kira Hays Code, wadda aka fara tilastawa sosai a 1934. A ƙarƙashinta dole mai laifi ya ga sakayyarsa kafin a tashi daga sinima. Ana iya nuna yaran titi, amma sai an sa wani limamin coci ko malami ko ɗan sanda na kirki a gefe, wanda zai ja su zuwa hanya. Bayan yaƙin duniya na biyu sai matasa suka zama wani rukuni mai kuɗin kashewa da kiɗansa da suturarsa, kamfanonin fim kuma suka gano cewa tsoron da manya ke yi wa waɗannan yara haja ce mai tsada. A 1955 kaɗai aka saki Blackboard Jungle, kan wata makarantar sana'a da ɗalibai suka gagari malamai, da Rebel Without a Cause, wanda jaruminsa James Dean ya mutu a haɗarin mota makonni kaɗan kafin fitowarsa. Jakadiyar Amurka a Italiya, Clare Boothe Luce, ta matsa lamba har aka janye Blackboard Jungle daga bikin fina-finai na Venice, don a ganinta zai zubar wa ƙasarta da mutunci. Da aka nuna shi a Landan, samari suka riƙa yaga kujerun sinima suna rawa a tsakanin layuka. A yau wanda ya kalli waɗannan fina-finai zai ga ba su kai abin tayar da jijiyar wuya ba, domin har yanzu malamin kirki ne ke yin nasara a ƙarshe.

Wanda ya fara karya wannan tsari da gaske ba a Amurka yake ba. A 1950 Luis Buñuel, ɗan ƙasar Sifaniya da ke zaman hijira a Meziko, ya yi Los Olvidados, wato waɗanda aka manta da su. Yaran cikinsa ba abin tausayi ba ne irin wanda mai kallo ke so. Suna jifan makaho mai kiɗa, suna sauke gurgu daga kan ɗan kekensa su tura keken ya gangara. Makahon ma da ya kamata ya zama abin jinƙai mugu ne. Amma Buñuel bai bar mai kallo cikin duhu ba game da inda wannan hali ya samo asali. Ga Pedro, yaron da uwarsa ta ɗauki cikinsa ba da son ranta ba tana ƙarama, ta kasa ƙaunarsa, har abinci take hana shi. Aka kai shi makarantar gyaran hali, shugaban makarantar ya so ya gwada shi da amana, ya ba shi takardar peso hamsin ya aike shi sayen sigari a waje. Yaron ya fita da niyyar dawowa, fuskarsa cike da murna, sai ya yi karo da Jaibo, babban gungunsu, wanda ya ƙwace kuɗin. Daga nan komai ya lalace. A ƙarshe aka ɗora gawar Pedro a kan jaki aka je aka jefar a juji, masu ɗauke da ita har suka gifta uwarsa a hanya tana nemansa, ba ta sani ba.

Akwai wani wuri a fim ɗin da Pedro ya ɗauki ƙwai, ya dubi kyamara, ya jefe ta da shi, ƙwan ya fashe ya gangaro a kan gilashin. Mai kallo aka jefa. Daraktan yana gaya masa cewa zaman da ya yi a kujera yana kallon wahalar yaro shi ma abin tuhuma ne. Kwana uku kacal fim ɗin ya yi a sinimar Meziko aka sauke shi, saboda an ce ya ci mutuncin ƙasa. Sai da Buñuel ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Cannes na 1951 aka dawo da shi, kuma a 2003 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kundin abubuwan tarihin duniya da ake adanawa.

Idan aka ajiye Los Olvidados kusa da Kids, nan ake ganin bambancin. Duka biyun sun yi amfani da wasu daga cikin dabarun da kusan duk fina-finan wannan layi ke amfani da su. Ana ɗauko yaran da ba su taɓa yin wasan kwaikwayo ba daga titi. Ana ɗaukar hoto a ainihin unguwannin. Daga baya aka ƙara da riƙe kyamara a kafaɗa tana rawa, a bar yara su yi magana da bakinsu na yau da kullum, da ashar da komai, har mai kallo ya ɗauka labarin gaskiya ake ɗauka kai tsaye. Sau da yawa ana matse labarin cikin kwana ɗaya, don kada a sami sararin numfashi. Sai kuma babbar dabarar, wato cire manya daga hoton. A Kids sau ɗaya aka nuna mahaifiyar Telly, tana shayar da jariri, ya roƙe ta kuɗi ta hana, ya shiga ɗaki ya sace. Shi ke nan. Ba a nuna makaranta ba, ba a nuna uba ba, ba a nuna yadda aka yi yaran nan suka zama haka ba. Kamar daga ƙasa suka tsiro da mugun hali.

A nan nake ganin fim ɗin ya yi ha'inci. Duk abin da ya nuna yana faruwa, babu musu. A tsakiyar shekarun 1990 ƙanjamau ce kan gaba wajen kashe Amurkawa 'yan shekara 25 zuwa 44, kuma haɗin magungunan da ya sauya lamarin bai bazu ba sai 1996. Tsoron gaskiya ne. Amma ɗaukar mafi munin abin da zai iya faruwa da yara ɗari a cikin shekara, a dunƙule shi cikin yini guda na yara goma, sannan a ɗauke shi da salon da ke cewa ga rayuwarsu nan yadda take, wannan zaɓi ne na marubuci. Kuma alƙaluma sun nuna wani abu dabam da abin da iyaye suka fita da shi daga sinima. Yawan haihuwa a tsakanin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Amurka ya kai ƙololuwarsa ta baya-bayan nan a 1991, wajen 62 cikin kowace dubu, daga nan ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da 20 kafin 2020. Kamen matasa kan manyan laifukan tashin hankali ya kai ƙarshen hawansa a wajajen 1994, ya juya ƙasa. Wato a daidai lokacin da ake nuna wa duniya cewa wannan tsara ta lalace, tsarar ta fara gyaruwa.

Wani zai ce to mene ne, ai fim ne. Abin da ya sa ba za a ce haka ba shi ne abin da ke gudana a wajen sinima a wannan shekara. A 1995 ɗin dai wani malamin jami'a, John DiIulio, ya yi rubutun da ya yi hasashen zuwan wasu dubban yara marasa imani da tausayi, waɗanda za su cika titunan Amurka da jini. 'Yan siyasa na manyan jam'iyyun ƙasar biyu suka rungumi maganar. A cikin shekarun nan kusan dukkan jihohin ƙasar suka sauƙaƙa dokar gurfanar da yara a kotun manya, aka yanke wa ɗaruruwa ɗaurin rai da rai. Yaran da aka yi hasashe ba su zo ba. Shi kansa DiIulio daga baya ya amsa cewa hasashensa bai tabbata ba, har ya sa hannu a takardar da aka miƙa wa Kotun Ƙoli a 2012, a shari'ar da ta hana tilasta ɗaurin rai da rai ba sassauci a kan yara. Ba fim ne ya kafa waɗannan dokoki ba. Amma hoton yaro marar zuciya da aka cusa wa jama'a ta jarida da talabijin da sinima shi ne ya share musu hanya, kuma yaran talakawa da baƙaƙen fata ne suka ɗanɗana kuɗarsa.

A wannan shekara ta 1995, a bikin Cannes ɗin da Kids ya shiga gasa, wani matashin Bafaranshe, Mathieu Kassovitz, ya ci kyautar gwarzon darakta da La Haine, wato ƙiyayya. Shi ma labarin ƙasa da kwana ɗaya ne, shi ma samari ne marasa aikin yi masu shan wiwi da ashar: Vinz Bayahude, Hubert baƙar fata, Saïd Balarabe, a wata unguwar dogayen gidajen gwamnati a wajen Faris. Abokinsu yana asibiti rai a hannun Allah bayan dukan 'yan sanda, Vinz kuma ya tsinci bindigar da wani ɗan sanda ya yar a lokacin tarzoma, ya rantse idan abokin ya mutu sai ya kashe ɗan sanda. Kassovitz ya fara rubutun ne bayan kisan Makomé M'Bowolé, ɗan shekara 17 ɗan asalin Zayar, wanda wani sufeto ya harbe a ka a ofishin 'yan sanda a 1993, yana tsare a hannunsu. Yaran La Haine ba waliyyai ba ne, amma duk fushinsu yana da adireshi. Akwai inda 'yan jarida suka tsaya a cikin mota daga nesa suna miƙo kyamara suna tambayar su ko sun shiga tarzomar jiya, Hubert ya ce musu nan ba gidan namun daji ba ne da ake zagayawa a mota. Firaministan lokacin, Alain Juppé, ya sa aka nuna wa ministocinsa fim ɗin. Shekara goma bayan haka, a 2005, mutuwar wasu yara biyu da ke gudun 'yan sanda a Clichy-sous-Bois ta tayar da tarzomar makonni uku a faɗin Faransa. Fim ɗin ya hango, kallon da ministoci suka yi bai hana komai ba.

Sai tambayar da iyaye suka fi damuwa da ita: shin yara suna kwaikwayon abin da suka gani? Amsar ba ta da daɗin da kowane ɓangare ke so. Game da tashin hankali, masu bincike sun shafe shekaru suna jayayya. An sami shaidar cewa kallon duka da kisa yana iya ɗan ƙara zafin rai na ɗan lokaci, amma danganta shi kai tsaye da aikata babban laifi abu ne da bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma talauci da dukan gida da abokan banza da sauƙin samun makami sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Amma akwai wuraren da shaidar ta fi ƙarfi. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2012 ya yanke cewa ganin shan sigari a fina-finai yana sa matasa su fara sha. Bayan fitowar 13 Reasons Why a 2017, shirin Netflix kan wata yarinya da ta kashe kanta, wani bincike ya ga ƙaruwar masu kashe kansu a tsakanin yara 'yan 10 zuwa 17 a watan da ya biyo baya, kuma duk da cewa wasu masana sun ƙalubalanci lissafin, Netflix ya yanke wurin da aka nuna abin ƙarara a 2019. Stanley Kubrick da kansa ya janye A Clockwork Orange daga sinimomin Birtaniya bayan an riƙa ambaton fim ɗin a shari'o'in wasu matasa kuma aka yi wa iyalinsa barazana. Bai koma ba sai 2000, bayan rasuwarsa.

Abin da ya fi fitowa fili shi ne, yara sun fi ɗaukar salo: tafiya, sutura, kallon raini, yadda ake riƙe bindiga. Su kansu masu yin fina-finan sun san haka. A La Haine, Vinz yana tsaye gaban madubi yana kwaikwayon Robert De Niro na fim ɗin Taxi Driver. A Gomorrah na 2008, wanda Matteo Garrone ya ɗauko daga littafin Roberto Saviano kan Camorra, ƙungiyar manyan 'yan daba ta birnin Naples a Italiya, akwai samari biyu da suka haddace Scarface, suna ihun sunan jaruminsa a wani kango, suka sace makaman manyan 'yan daba suka je bakin ruwa daga su sai ɗan kamfai suna ɓarin wuta suna dariya. Ƙarshensu aka yaudare su aka harbe, aka kwashe gawarwakin a cokalin katafila. Scarface fim ne da ya ƙare da mutuwar jaruminsa cikin wulaƙanci, amma yaran ba ƙarshen suka riƙe ba, tsakiyar suka riƙe, inda ake kuɗi da mata da iko. Wannan ita ce matsalar duk fim ɗin da ya ce gargaɗi yake yi. Kyamara tana ƙawata abin da ta daɗe tana kallo, ko da niyyar mai riƙe da ita ta la'anta ce. Minti casa'in na kiɗa mai daɗi da kyawawan fuskoki da 'yanci ba iyaye, minti biyar na sakayya a ƙarshe ba ya goge su.

Jamusawa sun ga haka da Christiane F. na 1981, labarin gaskiya na wata yarinyar Berlin ta Yamma da ta faɗa shan hiroyin tana da shekara 13, ta koma sayar da jikinta a tashar jirgin ƙasa ta Zoo don ta sami na allura. An nuna amai da ƙazantar banɗakin tasha da gawar wani abokinta. Duk da haka, da waƙoƙin David Bowie da kyawun yarinyar da ta fito a matsayinta, sai ga masu aikin yaƙi da ƙwaya suna kokawa cewa wasu 'yan mata sun mayar da ita gwarzuwa, tashar kuma ta zama wurin ziyara.

A Barazil gardamar ta fi zafi a kan City of God na 2002, wanda Fernando Meirelles da Kátia Lund suka yi daga littafin Paulo Lins, mutumin da ya tashi a unguwar. Fim ne mai ƙarfi, kuma ya nuna asali: yadda gwamnati ta kwashe talakawa a shekarun 1960 ta zube su a bayan garin Rio, yadda hodar iblis ta shigo ta mayar da ƙananan ɓarayi sojoji. Wurin da aka titsiye yara biyu ƙanana aka ce su zaɓi hannu ko ƙafa za a harba, ƙaramin yana kuka da majina, ba ya barin zuciyar wanda ya gani. Amma saurin yankan hoto da launi da kiɗa sun sa kisan ya zama abin nishaɗi a wurare da dama. Wata malamar jami'a, Ivana Bentes, ta kira irin wannan salo yi wa yunwa kwalliya. Mawaƙi MV Bill, ɗan unguwar, ya ce fim ɗin bai kawo wa mazauna komai ba sai ƙarin tabo, mutum ya je neman aiki a ji adireshinsa a juya masa baya. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni huɗu. Galibin mutanen unguwar, waɗanda ke tashi da asuba su kama bas zuwa aiki, ba su fito a cikinsa ba, don wanda ke zaman lafiya ba ya sayar da tikiti.

'Yan mata kuwa, a mafi yawan waɗannan fina-finai, abin farauta ne kawai, ana nuna abin da aka yi musu ba abin da suke tunani ba. Thirteen na 2003 ya ɗan bambanta, domin Nikki Reed ta taya Catherine Hardwicke rubuta shi tana da shekara 13, daga abin da ya faru da ita a Los Angeles, kuma uwa tana tsakiyar labarin, tana fama, tana kuskure, ba ta saki 'yarta ba.

Akwai ma'aunin da ba a cika ɗora waɗannan fina-finai a kai ba, kuma a wurina ya fi duk sauran nauyi. Gaskiyar da ake yabon su da ita daga jikin yara na gaske aka tatso ta. To, ina yaran suke bayan an naɗe kyamara?

Fernando Ramos da Silva yana da kimanin shekara 11 Héctor Babenco ya zaɓe shi daga cikin ɗaruruwan yaran talakawan São Paulo ya fito a Pixote, labarin yaron da gidan gyaran hali ya koya wa kisa. Fuskarsa ta zagaya duniya. Aka ba shi gurbi a wani wasan talabijin, amma karatunsa bai kai ya haddace rubutu ba, aka sallame shi. Ya koma unguwarsu a Diadema, ya faɗa ƙananan laifuka, 'yan sanda kuma sun riga sun san fuskar. A watan Agustan 1987 suka harbe shi har lahira yana da shekara 19. A Kolombiya, da dama daga cikin samarin Medellín da Víctor Gaviria ya sa a Rodrigo D na 1990 an kashe su ba da daɗewa ba. Daga Kids, Chloë Sevigny da Rosario Dawson, wadda aka gani zaune a ƙofar gidansu tana da shekara 15 aka ɗauke ta, sun zama manyan jarumai. Justin Pierce, wanda ya fito a Casper, ya kashe kansa a wani otal a Las Vegas a 2000 yana da shekara 25. Harold Hunter, wani daga cikin samarin fim ɗin, ya mutu a 2006 sanadin hodar iblis. A 2021 wani fim na bin diddigi ya tattara waɗanda suka rage, suka ba da labarin yadda aka biya su abin da bai taka kara ya karya ba, fim ya tara miliyoyi, su kuma aka bar su inda aka same su. Sun kuma faɗi abin da fim ɗin ya ɓoye: yawancinsu daga gidajen da ƙwaya da duka suka wargaza suka fito, gungun nasu kuwa shi ne dangin da suka haɗa wa kansu, suna raba abinci da wurin kwana. An ɗauki fuskokinsu da maganarsu da unguwarsu, aka cire wannan ɓangaren, aka ɗora musu labarin farautar 'yan mata da wani ya ƙirƙira.

Ba zan ce fim ne ya kashe su ba, don rayuwarsu tana cikin haɗari tun kafin a zo da kyamara. Amma babban mutum da ya shiga rayuwar yaro marar galihu, ya ɗaga shi sama duniya ta gan shi, ya ci riba, sannan ya sake shi ya faɗo, yana da alhaki, ko da fim ɗinsa ya ci kyauta ɗari.

Ana iya yin abin ta wata hanya. Mira Nair ta yi Salaam Bombay! a 1988 da yaran titin Bombay, bayan ta shirya musu horo na makonni. Fim ɗin bai ɓoye komai ba, akwai ƙwaya, akwai gidan karuwai, akwai kisa, ya kuma ci kyautar fim na farko mafi kyau a Cannes. Da kuɗin da aka samu aka kafa gidauniyar Salaam Baalak, wadda har yanzu take ba yaran titi masauki da karatu da magani a Delhi da Mumbai, kuma dubban yara sun bi ta hannunta. Ko a nan ma ba komai ne ya tafi daidai ba. Shafiq Syed, yaron da ya ja fim ɗin har ya ci kyautar ƙasa ta Indiya ta gwarzon ƙaramin jarumi, ya yi ta zagayen ofisoshin furodusoshi bai sami wani aikin kirki ba. Ya koma Bangalore, inda 'yan jarida suka same shi bayan shekaru yana tuƙin babur mai ƙafa uku yana ciyar da iyalinsa.